Wai Ba Na Cikin Ƙungiya

Highbridge, Bronx
3 ga Oktoba

Rashidu taubashina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina kasuwa? Yaya Hajiya da ciwon ƙafar? Ka gaida uwargida da yara. Mu nan da sauƙi, tunda haka ake cewa.

Na san labari ya iso muku cewa maigidana Hamidou ya faɗi. Yau sati uku ke nan. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Hannun ba ya motsi, magana ba ta fita sai "eh, eh". An sallame shi daga asibiti zuwa gidan da ake koya wa mutane tafiya da riƙon cokali, kullum ina can. Kada ka kira ni. In na buɗe baki kuka ke riga magana fitowa, ni kuwa ba ni da lokacin kuka. Rubutu nake so.

Ka san teburinsa na gyaran waya, wanda ke lungun shagon wansa Souley a Grand Concourse. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a kansa. Shekaranjiya Souley ya tare ni gaban mutane, ya ce in kwashe kayan, ƙarshen wata zai ba wani mai turare wurin, tunda wai Hamidou ya gama. Ya gama! Mutum yana numfashi, yana bin ka da ido, a ce ya gama? Na ce ba mai taɓa teburin nan, ni zan zauna a kai har ya dawo. Sai shago ya ɗauki dariya.

Ana haka Madam Salome ta shigo. Nas ce, mutuniyar Jos, tun daga Tompkinsville take hawo jirgin ruwa ta zo wurin Hamidou don ba ta yarda da kowa ba. Wayarta ce ta maƙale, in an kunna sai tambarin kamfani ya fito ya tsaya nan. Ita Hamidou ke shirin yi wa filashin, wato ya zuba mata sabuwar manhaja daga kwamfuta, ranar da ya faɗi. Souley ya ce a mayar mata da abinta ta kai gaba. Ta ce ba ta karɓar matacciyar waya daga teburin Hamidou, tana da ta aro, za ta jira. Sai Souley ya ɗaga murya ya ce in na tayar da wayar nan kafin wata ya ƙare, ya bar mini teburin. Na ce a shaida.

Ban yi hauka ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, na sha ganin yana yi. Manhajar tana cikin wani memori da ya liƙa wa sunan Salome, matakan kuma ya rubuta su a littafinsa, rabi Hausa rabi Faransanci. Na danne maɓallin rage murya da na kunnawa tare, wayar ta shiga inda ake so ta shiga. Na haɗa ta da kwamfutar, na buga abin da ya rubuta a baƙin allon nan. Sai kwamfutar ta ce wai tana jiran waya. Ga waya a maƙale a jikinta, fitilar caji tana ci, amma wai jira take yi! Kwana biyu muna kallon juna.

Kai ne ka shekara ashirin kana fasa wa mutanen Kano wayoyi a Farm Centre. Yau ranarka ce, ka nuna mini an haife ka don wani amfani.

Taubashiyarka,
Raudatu

Kano
5 ga Oktoba

Yaya Raudatu,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, ƙafar Hajiya ta ɗan lafa. Allah Ya ba Malam Hamidou lafiya, Ya sa kaffara ne. An yi masa addu'a a masallacinmu jiya.

Na karanta wa Hajiya takardarki. Da ta ji filashin, sai ta ce in gaya miki kada ki damu, in filashin kike nema ita ma ta iya, za ta yi miki sau uku ki kira ta. Da ƙyar na fahimtar da ita wannan daban ne.

To, ki saurara. Fitilar caji ba shaida ba ce. Akwai kebul ɗin da caji kaɗai ya iya, wuta yake kaiwa ba ya kai magana, kuma da ido ba ki bambanta shi da na kirki. Ki duba durowar Malam, duk mai gyara yana da kebul guda da yake ɓoyewa ba ya ba da aro, galibi gajere ne mai kauri. Shi za ki sa. Na biyu, in akwai irin mahaɗar nan mai baki huɗu tsakanin wayar da kwamfutar, ki cire ta, ki soka kai tsaye. In kafar da kika soka mai shuɗin ciki ce, ki koma mai baƙin ciki, tsofaffin wayoyi sun fi jituwa da ita. Na uku, ki samu tsinken sakace ki share bakin cajin wayar a hankali. Ban da allura, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Wace irin kwamfuta ce? In Windows ce irin tamu, wataƙila direba ce babu, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane waya. Ba direban tasi ba, kada ki je ki taro mini wani a titi.

Maganar Souley kuwa, ki bi a sannu. Wan mijinki ne, kuma a ƙasar mutane kike.

Naki,
Rashidu

Highbridge
8 ga Oktoba

Rashidu,

Gaisuwa a tsaye, bas nake jira zuwa wurin Hamidou. Jiya ya ɗaga cokali da hagu, ya kai baki sau biyu.

Ka ci gari a kan kebul. Na same shi a cikin tsohuwar safa can ƙuryar durowa, ja, gajere. Na cire mahaɗar, na koma baƙar kafa. Abin da na zaƙulo daga bakin cajin matar nan kuwa, har da zaren auduga, ya isa a yi lagwani. Kwamfutar ba Windows ba ce, Linux ce.

Amma kada ka yi murna. Souley da abokan zamansa sun jera kujeru suna kallona kamar ana wasan ƙwallo, sai ga sabon wulaƙanci. Wai ba ni da izini. Wai sunana ba ya cikin ƙungiya, don haka ba zan taɓa wayar ba. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina goge teburin nan, ina kawo abinci, yau ni ce bare! Wallahi ko za a mutu sai na shiga ƙungiyar nan.

A sannu ka ce in bi? Ga bas nan.

Raudatu

Kano
10 ga Oktoba

Yaya Raudatu,

Salam. Muna lafiya, amma tun da na karanta takardarki raina yake a ɓace.

Na janye maganar a sannu. Wace ƙungiya ce wannan da za ta hana matar mutum taɓa kayan mijinta? Don ke Bakanuwa ce su mutanen Maraɗi? Lokacin da suka zo neman aurenki a Gwammaja, wa ya tambaye su katin ƙungiya? Goro muka karɓa muka ba su 'ya.

Ban tsaya ba. Na kai wa Hajiya maganar, ta sa na nemo lambar Souley, ta kira shi ta wanke shi tas. Ta ce masa ba daga sama kika faɗo ba, kina da dangi. Daga nan muka samu lambar shugaban ƙungiyar mutanen Maraɗi na can wurinku, shi ma ta ba shi rabonsa. Bawan Allah sai rantsuwa yake wai bai san zancen ba. Ai dama haka za su ce.

Ki kwantar da hankalinki, mun tsaya miki. Ki rubuto in ji ko sun buɗe miki hanya.

Naki,
Rashidu

Highbridge
19 ga Oktoba

Rashidu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ka gaida Hajiya, ka kuma karɓe wayar daga hannunta. Hamidou yana tsayawa da sanda yanzu, magana dai shiru.

Kwana tara da zuwan takardarka ban rubuto ba, don da na rubuta a ranar da ka sha zagin da ba ka taɓa sha ba. Kai, Rashidu! Kwamfuta ce ta ce ba ni da izini. Kwamfuta! Ga abin da ta rubuta, ka karanta da idon da kake gyaran waya da shi: "no permissions", sannan wai mai amfani ba ya cikin ƙungiyar "plugdev". Wannan ce ƙungiyar. Ba ta da shugaba, ba ta taro ranar Lahadi. Na yarda ban fayyace ba, a guje nake, amma kai mai sana'a ba sai ka tambaya ba?

Ka yi mini gyaran gangar Abzinawa. Shugaban ƙungiyar, dattijo mai mutunci, matarsa ce ke dafo mini abinci tun da Hamidou ya kwanta. Sai da na je har gidansa na durƙusa. Souley kuwa ya samu abin da yake nema. Yana ta yawo yana cewa na haɗa shi da dangina, na yi masa ƙarya a Kano. Ya karɓe makullin shagon daga hannuna, yanzu sai yana nan nake shiga. Ya kawo mai turaren ya auna wurin da tef ina zaune. Na ce masa ya auna da kyau, don aunawar ce rabonsa.

Na gane inda matsalar take. Kwamfutar tana da ƙofa biyu, ta Hamidou da tawa. Tawa ya buɗe mini ne don in riƙa kallon fim da aika saƙo, ba ta da kalmar sirri, ba ta kuma da iko. Tasa ce mai iko. Na ga kalmar sirrinsa a shafin ƙarshe na littafin, da rubutun hannunsa: madarounfa, sunan garinsu. Na buga a ƙofarsa ya fi sau talatin, harafi bayan harafi, ina dubawa. Ta ƙi.

Da Souley ya ga ina fama, sai ya ce in daina wahalar da kaina, ko Hamidou aka kawo yanzu bai san sunan garinsu ba, hankalin ya tafi tare da hannun. Wannan maganar ta soke ni fiye da duk sauran. Sai da na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska na dawo kujerata.

Saura kwana goma sha biyu. Ka nemo mini wanda ya san Linux, kuma wannan karon ka karanta sau biyu.

Raudatu

Kano
21 ga Oktoba

Yaya Raudatu,

Salam. Kowa lafiya. Kunya ta hana ni cin abinci ranar da takardarki ta zo. Na yi laifi, ki yafe. Hajiya ta ce za ta sake kiran dattijon ta ba shi haƙuri, na ce don Allah ta bari haka nan.

Na rufe shago na tafi wurin Malama Fusena, wadda ke koyar da kwamfuta a wata kwaleji nan Kano. Ta ce kin gano daidai. Linux ba ta barin kowa ya yi magana da abin da aka soka mata ta USB sai wanda sunansa ke cikin wannan ƙungiyar, kuma mai gida kaɗai ke sa suna. In kin shiga ta ƙofar Malam, ga layin da za ki buga, na manna miki shi a ƙasa yadda ta rubuta. Ta ce ki kula, bayan kin sa sunan ba zai yi aiki ba sai kin fita daga taki ƙofar kin sake shiga, sannan ki zare kebul ki mayar. Mutane da yawa nan suke tuntuɓe.

Kalmar sirrin ce ba mu da dabara. Ki duba ko maɓallin manyan baƙaƙe a kunne yake. In ba shi ba ne, wataƙila ya canza ta bai rubuta ba.

Ga shawarata, kada ki ci ni. Ba a rasa wani mai gyara a Bronx. Ki saka wayar a jaka, ki kai a yi miki a Windows cikin minti ashirin, ki dawo ki ajiye a tebur. Wa zai sani? Tebur kike so ki tsare, ba jarrabawa kike rubutawa ba.

Naki,
Rashidu

Highbridge
29 ga Oktoba

Rashidu taubashina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ka gaida Hajiya, ka ce na huce. Ka yi wa Malama Fusena godiya mai yawa. Hamidou yana gaishe ka, da kai ya yi, amma gaisuwa ce.

Shawararka ta kai waya waje ban ɗauka ba. Ni zan sani, ai. In na yi haka, waya ta biyu da za a kawo kuma in kai wa wa? Kuma Souley zai ci gaba da cewa ƙanensa ya gama, ni kuma in rasa bakin musu.

Na koma wurin dattijon nan na ce ina son a je gaban Hamidou da kwamfutar, tunda tasa ce. Ya sa Souley ya bi mu ranar Lahadi da hantsi. Souley ya yarda ne don a gani da ido, a daina jayayya. A hanya ko kallona bai yi ba.

Muka same shi zaune a keken guragu bakin taga. Na ɗora masa kwamfutar a kan teburin cin abinci, na ajiye wayar Salome da littafinsa a gefe, na buɗe ƙofarsa, na ce, "Malam, buɗe mini." Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗago hannun hagu, ya miƙa yatsa guda.

Ina jiran ya taɓa M. Sai ya wuce ta, ya danna wani maɓalli mai ɗigo da waƙafi da ke kusa da L. Ina jiran A, sai ya danna Q. Rashidu, ba zan ɓoye maka ba, na cire rai. Duk cika bakin da na yi wata guda ya zube a wurin. Na ce a raina ashe gaskiyar Souley ce. Na kama yatsan a hankali na ce, "Ba nan ba, Malam, ga A nan."

Ya fizge hannunsa. Ya harare ni irin hararar da yake mini in na taɓa masa kayan aiki.

Sai na ji Souley a bayana ya ce, "Ke, bar shi!" Na juyo. Ya matso har ya dafa keken, idonsa a kan yatsan. Ya ce, "Goge, shi sake daga farko." Na goge. Hamidou ya sake dannawa, Souley yana karantawa a fili: "M. A. D. A." Sai ya ce, "Daidai shike bugawa. Klabiyen Faransi ne."

Ashe su can Nijar da jerin haruffan Faransa suka koyi bugu. A can A tana inda Q take a namu, M kuma tana gefen L. Hamidou ya sayi kwamfutar a nan, haruffan da ke rubuce a jikinta na Amurka ne, amma ya saita ƙofar shiga da tasa a kan na Faransa, tunda shi ba ya kallon maɓalli. Tawa kaɗai ya bar mini a kan na Turanci. Ni kuwa ina ta buga abin da idona ya gani, ɗigo-ɗigon da ke ɓoye kalmar sirri suna rufe mini ɓarnar da nake yi. Souley ya gane ne don ya shekara shida yana buga wa mutane takardu a Maraɗi kafin ya zo.

Harafi goma ne, ya ɗauke shi kusan minti biyu. Bai kuskure ko ɗaya ba. Kwamfutar ta buɗe.

Souley ya durƙusa gaban keken ya kifa kansa a gwiwar ƙanensa, ƙato da shi yana kuka kamar an yi mutuwa. Dattijo sai salati yake. Hamidou ya ɗora masa hannun hagu a ka, yana cewa "eh, eh". Ni ma kunya ta kama ni, don a minti ɗayan nan na bi sahun masu cewa ya gama. Na roƙe shi gafara a gabansu.

Da aka natsa, Souley ya ce in kawo ya buga mini layin Malama Fusena tunda ban iya jerin ba. Na ce a'a, ya dai nuna mini inda haruffan suke. Yana nunawa ina dannawa, har na sa sunana da hannuna. Na fita, na shiga ta ƙofata, na zare jan kebul na mayar. Lambar wayar ta fito a baƙin allo. Na bi matakan littafin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo mataki na huɗu Hamidou ya buga tebur, ya nuna mini na tsallake layi. Na koma na gyara. Rubutu ya yi ta gudu, wayar ta mutu, ta kunna kanta, tambarin ya fito ya tsaya. Muka zura masa ido. Sai ya wuce.

Jiya Madam Salome ta zo ta karɓa. Ta tsaya tsakiyar shago ta kira 'yarta da ita, ta sa a sifika don kowa ya ji, tana cewa matar Hamidou ce ta gyara. Kafin la'asar an ajiye mini wayoyi uku. Mai turare ya leƙo, ya ga ba wuri, ya yi sallama ya wuce.

Na gaya wa likitarsa abin da ya faru, ta ce daga yanzu za a riƙa ba shi allon bugu yana faɗin abin da yake so. Na ce to su nemo na Faransa, kada su ma su ce ya gama.

Yau da safe na tarar da makullin shago a kan teburin. Can Souley ya zo ya tsaya a kaina yana gyaran murya. Ya zaro wayarsa daga aljihu ya ajiye, ya ce wata biyu ke nan ba ta caji sai an karkata kebul, Hamidou yake jira.

Na yago takarda na rubuta lamba huɗu na liƙa mata. Na ce akwai mutum uku a gabansa, ya dawo jibi.

Taubashiyarka,
Raudatu